Irin Inna

Wanda ya ba mu aron Inna ya karɓi abinsa wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, a ɗakinta na gidanmu da ke Nasarawa a Birnin Kebbi. Allah ya sanyaya makwancinta. Inna ita ce ta haifi Babana. Sunanta aka sa mini, don haka ba mai kiran sunan nan a gidanmu. Baba yana ce mini Uwata, ita kuwa Takwara take ce mini. Tun shekarar da aka ba mu jiha, aka dawo da aikin Baba daga Sakkwato, ɗaki ɗaya nake kwana da ita, gadonta ta wajen taga, katifata ta wajen ƙofa.

A kwanakin zaman makoki aikina shi ne ba baƙi ruwa. Aikin ya dace da ni, don ba ya buƙatar magana. Nakan zauna kusa da randa da moɗa a hannu, mata na shigowa suna cire takalma, su zauna a tabarma su yi wa Mama da Gwaggo gaisuwa. Gwaggo ita ce yayar Baba, babbar 'yar Inna. Kusan duk wadda ta shigo abu ɗaya take faɗi. Baiwar Allah mai haƙuri. Ba ruwanta da kowa. Maƙwabciyarmu ta bayan gida ta ce tun tana amarya katanga ɗaya ta raba su, amma in yau aka ce ta faɗi yadda muryar Inna take in ta yi fushi, ba za ta iya ba. Wata mai tallar albasa da ban sani ba ta yi ta kuka, ta ce duk ranar da rana ta dake ta nan take shigowa ta huta, kuma Inna ba ta taɓa tambayarta ko 'yar wane gida ce ba. In za su fita sai su dube ni a bakin randa su ce, "Wagga kau irin Inna ce. Allah shi raya." Ni kuma in sunkuyar da kai in ce amin a ciki.

Washegari 'yan'uwanta na Argungu suka iso, mota guda, da buhun albasa da kwandon busasshen kifi. Cikinsu akwai wata tsohuwa, taubashiyar Inna, wadda suka tashi gida ɗaya tun suna yara. Ta zauna ta yi kukanta ta share. Tana jin ana ta jera haƙurin Inna, sai kawai ta yi dariya, har mata suka juyo suna kallonta.

"Haƙuri kam akwai," in ji ta. "Amma ba ku san ta ba. Wagga mata in ta riƙe abu, ko jaki bai kai ta kahiya ba."

Gwaggo ta ce, "Wace Innar, Iya? Tamu?"

"Taku hwa."

Sai ta tambaya ko har ta rasu tana shuka jar shinkafar nan ta uwarta. Aka ce tana shukawa. Tsohuwar ta girgiza kai, ta ce su can Argungu an daɗe da barinta, ko ƙwara ba za a samu a rumbun kowa cikin danginsu ba, duk an koma sabon iri. Daga nan hira ta koma kan tsadar taki, ba wanda ya sake tayar da maganar. Ni dai na riƙe ta.

Abin da ya sa na ɗauki biro ke nan. Na lura duk tsohuwar da ta rasu a unguwarmu mai haƙuri ake ce mata. In aka bar Inna da wannan kalma ita kaɗai, nan gaba kaɗan ƙannena ba za su iya bambanta ta da kakar kowa ba.

Inna ba ta ratsa tsakar gida ta tsakiya, gefen bango take bi, ko da ba kowa. In za ta shiga ɗakinta sai ta yi gyaran murya, alhali ni kaɗai ce a ciki. In ana shanya shinkafa ƙwara ta faɗo daga tabarma, sai ta duƙa ta lashi yatsa ta ɗauke ta ta mayar. Ba ta cin goro, amma kullum akwai ɓari ƙulle a bakin zanenta saboda wanda za ta haɗu da shi. Lokacin da muka dawo daga Sakkwato gari ya cika da sababbin ma'aikata, ana ta neman wurin zama, aka ce babban ɗakinta na kusa da zaure ya fi dacewa da baƙin Baba. Kafin a gama maganar ta naɗe tabarmarta ta koma ƙaramin. Ni kuwa a lokacin ko gaisuwa ba na iya fitarwa. In baƙi suka ce yarinyar nan ba ta gaida mutane, sai Inna ta ce, "Ta gaishe ku, a ciki. Ni na ji." Kuma tana da kalma ɗaya da ta fi kowace yawa a bakinta: to.

Mutane suna zaton "to" ɗin Inna guda ce. Ni da nake kwana da ita na san ba haka ba ne. Akwai gajeriya mai fita da sauri, wannan ta yarda ke nan. Akwai wadda take ja kaɗan tana kallon ƙasa. Wannan ranta ya ɓaci, ba za ta ƙara komai ba, sai dai ranar ba za ta ci abincin kirki ba. Akwai kuma wata da take yi tana kallon mutum cikin ido, fuskarta sake, kamar ma tausayinsa take ji. Wannan na daɗe ban gane ta ba.

Tana da 'yar gona a fadamar Zauro, wadda Kakanmu ya bar mata. Wani magidanci ɗan'uwanmu ke yi mata huɗa da sauran aikin ƙarfi, ita kuma ta je lokacin yafa iri da lokacin yanka. Maƙwabcin gonar ta gabas yana da wata ɗabi'a: duk shekara in ya zo gyaran kunyar iyaka sai ta ɗan matso. Ba da yawa ba, yadda mutum zai ce ko idonsa ne. Gwaggo ce ta gano. Gwaggo atamfa take sayarwa a kasuwa, kuma tun daga zaure ake jin isowarta. Ranar ta shigo ko mayafi ba ta sauke ba.

"Inna, sai yaushe za ki buɗe baki? Sai ya yi noma ƙarƙashin gadonki?"

Inna tana tsintar shinkafa a faifai, ta ce, "To."

"Wagga 'to' taki ita za ta kashe ni."

Ta ce a tashi yanzu a kai ƙara wurin mai gari. Inna ta ce a bari dai a gani. Gwaggo ta ce ai an gani, tun yaushe ake gani. Ta ce saboda wannan halin ne kowa ke taka su tun suna yara, ta tono har da wata akuyarsu da ta shiga wani gida ba ta fito ba, Inna ta hana a tambaya. Ta fita tana cewa ba za ta sake taka gidan ba. Ta kuwa daɗe ba ta zo ba. Wata Juma'a Inna ta tuƙa tuwon jar shinkafa da miyar busasshen kifi, ta rufe a kwano ta ce in kai wa Gwaggo rumfarta. Ba ta haɗa da saƙon komai ba. Gwaggo ta buɗe, ta yi tsaki, ta ce in faɗa wa Inna ita ba yarinya ba ce da za a rufe wa baki da tuwo. Tana faɗa tana wanke hannu. Ta cinye tas ta suɗe kwanon, da la'asar sai ga ta a gida.

Gefen gonar nan bai dawo ba har yau. Ba zan ce Inna ta yi daidai ba, ita ma ba ta ce ba. Na taɓa tambayarta, muna wanki, me ya hana ta magana. Na zaci za ta ce don Allah ta bari. Sai ta matse zanen da ke hannunta ta ce, "Tsoro nika ji, Takwara. Tun ina ƙarama, in anka ɗaga murya sai cikina shi murɗa." Ban taɓa jin babba ya faɗi haka ba. Ni ma haka cikina yake yi.

Sai kuma maganar iri. Jar shinkafar nan daga Argungu Inna ta zo da ita, uwarta ce ta ƙulla mata a tsumma lokacin da aka kawo ta Birnin Kebbi. Ba ta da auki a gona, tana zubewa in aka yi jinkirin yanka, a kasuwa kuma ba a son ta kamar fara. Bayan dawowarmu Baba ya samo mata sabon iri, gajere, ya ce ta huta da wahalar tsohon. Ta dube shi ta ce to. Ta shuka sabon a tudun gonar, ya kuwa yi kyau, ya ba da abin da tsohon bai taɓa bayarwa ba. Ita da bakinta ta yaba, ta sa wa Baba albarka. Amma can ƙasan gonar, kwarin da ruwa ke fara cikawa ya kuma daɗe bai janye ba, jar ta yafa. Shekara ta zagayo, Baba ya ce bana kam a bari, jar tana daɗewa ba ta nuna ba, tana hana a dasa albasa da wuri a wurin. Ta ce to. Ta sake yafawa.

"Inna, ai kin ce to," in ji Baba, yana dariyar da ba ta kai ciki ba.

"Na ce to, na ji ka. Ban ce na bari ba."

Ranar na gane "to" ta uku.

Akwai wata kalmar Turanci da ba zan iya ba da labarin Inna ba sai da ita. A aji biyu na ƙaramar sakandare na haɗu da ita. Malamarmu ta Turanci 'yar ƙasar Zuru ce, doguwa mai saurin magana, kuma ba muguwa ba ce. Ta rubuta a allo: meek. Ta ce sifa ce, ana faɗinta ga mutum mai sanyin hali, wanda ba ya musu, ba ya ramawa, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Ta ce ana faɗinta ga ɗan tunkiya, ana faɗinta ga murya ma, in mutum ya amsa a hankali kansa a ƙasa. Sannan ta tambaya wa za ta sa ta a jimla. Wata da ke zaune bayana, wadda ba ta rasa abin faɗi, ta tashi ta kira sunana ta haɗa da kalmar. Aji ya fashe da dariya. Malama ma ta murmusa, ta ce jimlar daidai ce, ta dube ni ta ce ko ina da abin cewa. Akwai wani tsagi a jikin teburina mai kama da ƙugiya, shi na yi ta kallo har aka kaɗa ƙararrawa.

Kafin a tashi sunan ya bi ni. Mik, ara mini biro. Mik, share mana aji. 'Yan wani ajin da ba su ji darasin ba suka zaci madara ake nufi da Turanci, don a bakinmu kalmomin biyu kusan ɗaya suke, sai suka koma kirana Madara. Abin haushin, duk wadda ta ce in ara mata biro, ara mata nake yi.

Na dawo gida na tarar da Inna a inuwar dogon yaro tana gyaran kifi. Ban yi kuka ba, amma ta ga yadda na ajiye jaka.

"Mi anka yi maki?"

Na ce Malama ta koya mana wata kalma, kuma an ce ni ce. Ta ce in faɗa ta ji. Na faɗa. Ta maimaita a hankali, ta sake maimaitawa, ta ƙara mata ƙarfi irin namu a ƙarshe, har ta zama miƙ.

"Ai wagga ba Turanci ba ce," in ji ta. "Hausa ce sunka ɗauka sunka yanke ma wutsiya. Miƙe tac ce maki. Ina abin ɓacin rai? Ki miƙe mana."

Na ce ba haka ba ne. Na yi ta ƙoƙarin bayani na kasa. Baba yana alwala a gefe yana jinmu, ya yi dariya har buta ta kusa kuɓuce masa. Ya ce Inna ta juya kalmar baibai. Ya ce in da Hausa ake so, to mutum ne mai miƙa wuya, wanda duk wanda ya zo da igiya zai sa masa ya ja.

"Miƙa wuya," in ji Inna. "Ka gani, ashe dai miƙewar na nan ciki."

Baba ya ce shi ya sallama, ba zai yi gardamar Turanci da uwarsa ba, ya tafi masallaci. Inna ta ci gaba da kifinta. Na zaci ta manta.

Da damina ta yi nisa, ruwan gulbi ya hau fadama, wata Asabar ta ce in shirya in raka ta Zauro. Muka shiga motar kasuwa, muka sauka muka taka. A bakin fadama ta cire takalmanta ta riƙe a hannu. Haka take yi ko da ƙasa a bushe take, wai ba a shiga wurin abinci da takalmi. Wani mai jirgi da ya san ta ya tura mu zuwa ƙasan gonar. Ban gane wurin ba. Inda na san kunyoyi da baƙar ƙasa, yanzu ruwa ne shimfiɗe, sai siraran ganye kore sun leƙo samansa ko'ina, iska na kwantar da su suna tashi.

Ta ce in kamo ɗaya in bi karan zuwa ƙasa. Na naɗe hannun riga na bi. Hannuna ya nutse har kafaɗa ban kai saiwa ba. Karan laushi gare shi kamar igiya, duk inda ruwa ya ja shi nan yake bi.

"Kin gani? Ba ta hwaɗa da ruwa, ba ta iyawa. In ya ja ta gabas ta bi, in ya ja ta yamma ta bi. Amma duk tsawon da ya ƙara, ita ma sai ta ƙara, ta miƙa wuya ta hitar da hanci. Ƙahwarta kau tana inda anka shuka ta." Ta kama hannuna ta share da bakin zanenta. "In wanga miƙa wuyan malamarku ka nuhi, ki amsa sunan. In na igiya ne, ni na yi shi na gani, ba ni so maki shi."

Mai jirgin ya ce, Inna, yau wa'azi ake yi wa shinkafa? Ta ce a'a, Turanci take koya wa jikarta. Ya ce to shi ma a sa shi a aji.

Ba zan ce daga ranar na canza ba. Na ci gaba da ara biro, na ci gaba da share aji. Sai dai in an ce Mik, wani lokaci da muryar Inna nake jin sa, da ƙarfin nan a ƙarshe, sai in ji dariya tana neman kuɓuce mini.

A yankan ƙarshe da ta gani, ta zaɓi zangarniyoyin da suka fi cika, aka murje su da hannu, aka shanya, aka gauraya da toka saboda ƙwari, aka zuba a wata baƙar tukunya aka liƙe bakin da laka. Da can ita kaɗai take wannan aikin. Wannan karon ni ta sa, tana zaune tana kallo, don ƙafafunta sun fara kumbura. Da na tura tukunyar ƙarƙashin gadonta ta ce, "Takwara, kin dai ga inda take." Na ce to. Ba ta ce in yi wani abu da ita ba. Ba halinta ba ne ta ɗora wa mutum kaya. Ciwonta bai yi tsawo ba, kuma ko a cikinsa in an tambaye ta jiki sai ta ce da sauƙi, ta tambayi mai tambayar ko ya ci abinci.

Ranar sadakar uku Malamarmu ta zo gaisuwa. Ta yafa gyale, ta zauna a bakin tabarma a takure. Da za ta tafi na raka ta zaure. Ta ce ta ji abin da mata ke faɗi game da kakata, kuma ta san sunan da ake kirana da shi a makaranta, ba ta so abin ya kai haka ba. Ta ce akwai abin da ba ta faɗa mana a aji ba: kalmar fuska biyu gare ta. A ofis ko a kasuwa in aka ce mutum meek ne, sau da yawa raini ne, ana nufin ba shi da kataɓus. Amma su a coci, wurin ibadarsu, babban yabo ne, ana faɗinta ga wanda bai ɗauki kansa sama da kowa ba, wanda zai iya ramawa ya ƙi. Ta ce sai an dubi bakin da ya faɗe ta. Na so in ba ta labarin miƙ da shinkafa, har na buɗe baki, sai na ji na ce na gode, Allah ya ba da lada.

Ana shirin sadakar bakwai, da safe, mata suka taru a tsakar gida ana shawarar abin da za a dafa. Gwaggo ta shiga ɗakinmu tana tattara kayan Inna, sai ga ta ta fito rungume da baƙar tukunya. Ta ajiye a tsakiya, ta fasa lakar da gindin ludayi, ta ɗebo ta hure tokar. Idonta ya cika. Ta ce wannan ita ce shinkafar Inna ta ƙarshe, ba abin da ya dace da ita kamar a kai inji a cashe, a tuƙa tuwo a yi mata sadaka da abin da hannunta ya noma, ladan ya iske ta. Mama ta ce ai kamar iri ne. Gwaggo ta ce ta sani, amma wa zai shuka? Baba ya riga ya yi magana da masu albasa kan ƙasan gonar. Matan suka ce gaskiya ne, Allah ya kai ladan. Aka kawo buhu aka riƙe bakinsa.

Ina zaune a wurina kusa da randa. Na san in shinkafa ta shiga inji aka raba ta da ɓuntunta, ta gama tsira. Na tuna tsohuwar Argungu da ta ce can ko ƙwara babu. Gwaggo ba mugunta take nufi ba, kuma duk gidan ba mai musu da ita, har Baba. Na ji gajeriyar "to" ta taho bakina da kanta, ta zauna a kan harshena tana jira.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Moɗar na hannuna, ruwa na zuba a ƙafata.

"Gwaggo, a bar ta."

Muryar ba ta fita sosai ba. Gwaggo ta waiga tana neman mai maganar, ta duba ko'ina ban da inda nake.

"Wa yay yi magana?"

"Ni ce. Iri ne. Ni za ni shuka."

Mai riƙe da buhu ta sauke hannu. Gwaggo ta saki tukunyar ta riƙe ƙugu, ta ƙare mini kallo tun daga ƙafa. Ta tambaye ni ko na san hanyar Zauro ni kaɗai, ko na taɓa riƙe lauje, ko da biro zan yi huɗa. Ta ce Inna ce ta ce in shuka? Na ce ba ta ce ba. Ta ce to ina dalilina? Ta ce in koma in zauna in bar manya su yi abin da ya dace.

Na dube ta cikin ido na ce, "To."

Ban zauna ba.

Taubashiyar Inna ba ta koma Argungu ba tukuna, tana gefe tana jan carbi. Ita ta fara dariya, ƙasa-ƙasa, ta ce, "Kun ji ta ko? Ga taubashiyata nan ba ta tahi ba." Gwaggo ta tsaya tana kallona. Sai ta zauna daɓas a kan turmi ta rufe fuska da mayafi, ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar Talata. Tana kuka tana faɗa, wai ita ta shiga uku, ta zaci ta rabu da wannan "to" ɗin, ashe an bar mata wata a gida.

Da ta share ido ta ce a miƙo kwano. Ta auna ɗaya ta zuba a buhu, ta ce wannan na sadaka ne, kuma duk wanda ya hana ta wannan sai sun yi. Sannan ta turo mini tukunyar.

"Ɗauki, kahin in sake shawara. Ki nemo laka ki liƙe, kada ƙwari su riga ki."

Tuwon kwano ɗaya bai kai ko'ina ba, sai da aka haɗa da fara. Amma an gutsura jan kaɗan-kaɗan a bakin kowane kwano, tsofaffi suka riƙa cewa rabonsu da wannan ƙamshin tun suna gidan iyayensu.

Sai washegari da rana Baba ya kira ni, bayan ya gama cin abinci. Ya ce, Uwata, kin san masu albasa suna jira? Na ce na sani. Ya ce to bana kaɗai. Na ce to. Ya ɗago ya dube ni, ya ce wace irin "to" ce wannan? Na kwashe kwanuka na fita.

Da ruwan farko ya sauka muka je, ɗan'uwanmu mai yi wa Inna huɗa ya nuna mini yadda ake yafawa. Hannuna bai iya ba, wani wuri ya yi cunkus, wani wuri fili. Makon jiya, da aka ce ruwa ya hau, muka koma ni da Gwaggo. Ta ce ita ba don shinkafa za ta ba, za ta ga inda maƙwabcin nan ya kai kunyarsa ne. A mota na ba ta labarin miƙ, ita ce ta farko da na taɓa ba. Ta ce Inna da Turanci, Allah ya jiƙan tsohuwa, ta juya tana kallon taga.

A bakin fadama na cire takalmi. Ta dube ni, ta yi tsaki, ta cire nata. Mai jirgin ya tura mu. Na daɗe ban ga komai ba sai ruwa. Can sai Gwaggo ta damƙi hannuna ta nuna. Siraran ganye ne, ba yawa, nan kaɗan can kaɗan, sun leƙo saman ruwa.

"Ga ta can," in ji ta, da wata ƙaramar murya da ban san tana da ita ba. "Ta miƙo wuya."

Allah, Kai Ka san Inna fiye da masu gaisuwa, fiye da ni. Ka yafe mata shirun da tsoro ya sa ta, Ka ba ta ladan wanda ta yi don kada ta ɓata wa bayinka rai. Ka ɗaga kanta sama da duk abin firgita na kabari, yadda Kake ɗaga ganyen nan sama da ruwa. Amin.

Ranar Litinin za mu koma makaranta, kuma na san Mik za su ce mini. Zan amsa.